Notholca: Halittar da sanyi ke rayarwa, da wahalar gane ta a ƙarƙashin madubi

A watan Fabrairu, ruwan tafkin Loch Leven da ke kusa da garin Kinross a gabashin Sukotland kan yi sanyin da hannu ba ya jure minti guda a cikinsa. Ciyayin gaɓa sun bushe, ƙwari sun ɓace, kuma wanda ya tsaya a bakin ruwan zai ɗauka babu abin da ya rage da rai sai agwagi da dinyoyin daji da ke zuwa cin hunturu a wurin. Amma idan aka jefa raga mai idanu ƙanana ƙwarai, aka ja ta a hankali na 'yan mitoci, aka juye abin da ta tace a kwalba, aka ɗaga kwalbar ta fuskanci haske, za a ga wata ƙura-ƙura tana yawo a ciki. Ƙurar nan dabbobi ne da tsirrai. A cikinsu akwai wata halitta da sai an jera shida ko bakwai nata kafin su cika milimita ɗaya, wadda wannan sanyin ne kakarta. Sunanta a littattafan kimiyya Notholca squamula.

Tana cikin rukunin dabbobin da ake kira rotifa, kalmar da aka samo daga Latin mai ma'anar "mai ɗauke da ƙafar keke". Sunan ya samo asali ne daga wani kambi na ƙananan gasu da ke kan dabbar, waɗanda ke kaɗawa bi da bi da sauri har ido ya ga kamar wili ne ke juyawa. Da kambin take iyo, da shi kuma take janyo abinci zuwa baki. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi na garin Delft a Holan da ya shahara wajen ƙera gilasan ƙara girma, ya bayyana irin waɗannan dabbobi a 1702 bayan ya same su a ruwan indararon gidansa. Yau an san nau'i sama da 2,000, mafi yawansu a ruwan daɗi. Duk ƙanƙantar rotifa, cikakkiyar dabba ce: tana da ƙwaƙwalwa, da tumbi, da tsoka, da mafitsara, da muƙamuƙi masu tauri, duk a cikin jikin da ƙwayoyin halittarsa ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba.

Abin da ya sa Notholca ta fita daban shi ne zaɓenta na lokaci. Mafi yawan rotifa na bunƙasa ne idan ruwa ya yi ɗumi. Ita kuwa akasin haka take. Masaniyar halittun ruwa Linda May, wadda ta daɗe tana nazarin Loch Leven, ta wallafa a 1980 cewa da wuya a ga Notholca squamula a tafkin idan zafin ruwa ya haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. Ta kuma lura cewa, matuƙar sanyin ya yi mata daidai, yawanta na tafiya ne tare da yawan wata gansakuka mai suna Asterionella formosa, wadda ƙwayoyinta ke da kwanson gilashi kuma suke haɗuwa su yi siffar tauraro. A ɗakin gwaji an ga dabbar tana fasa kwanson tana zuƙe abin da ke ciki. Ke nan sunan nan guda ɗaya, idan an rubuta shi daidai, yana ba da labarin abu biyu: yadda sanyin ruwan yake, da abin da ke tsiro a cikinsa. Idan kuma an rubuta shi bisa kuskure, ƙarya biyu aka shigar cikin kundi.

Daga tafki zuwa fallen gilashi

Aikin ganewa na farawa tun daga ragar. Masu kamun ƙudan ruwa da sauran manyan halittu masu shawagi kan yi amfani da raga mai faɗin ido, kuma irin wannan ragar na barin yawancin rotifa su zurare. Wanda ke neman rotifa kan zaɓi mai ido tsakanin maikuromita 35 zuwa 50, wato wanda bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba. Kafin ya bar wurin sai ya auna zafin ruwan ya rubuta, tare da kwanan wata da zurfin da ya ja ragar. Samfurin da ba shi da wannan bayani ya rasa rabin darajarsa tun bai isa ɗakin gwaji ba.

Daga nan sai a riƙe kwalbar da sanyinta. Wannan ƙaramin sharaɗi ne da sababbin shiga ke yawan tuntuɓe da shi. Dabbar da ta saba da digiri 4 ko 5, idan aka ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, sannan aka ɗora ta kan maikuroskof, wato madubin likita, fitila na gasa ta daga ƙasa, ba ta daɗewa. Shi ya sa akan duba rabin samfurin da ransa nan take, a zuba wa ɗaya rabin ruwan fomalin ko ruwan aidin irin na Lugol domin adanawa.

Da ƙaramin ƙarfin madubi, ninki 40, ake fara dubawa. A wannan mataki tafiyar dabba ce ke magana. Polyarthra, mai fikafikai kamar filafilan kwalekwale, kan yi tsalle ta ɓace daga fili cikin ƙiftawa. Synchaeta mai siffar mazurari tana gudu tana juyi. Notholca kuwa tana tafiya ne a natse, tana mirginawa a kan tsawonta, wani lokaci ta nuna faɗinta, wani lokaci ta nuna gefenta siriri. Idan aka ga wadda ake so, sai a tsame ta da siririn bututun gilashi zuwa ɗigon ruwa mai tsabta, a rufe da murfin gilashi. Ana ɗan shafa man basilin a kusurwoyin murfin huɗu domin su zama ƙafafu. Ta haka ake danna shi sannu a hankali har ya riƙe dabbar ba tare da ya murƙushe ta ba. Wasu kan ƙara ɗigon wani ruwa mai yauƙi don rage mata gudu.

Tambaya ta farko ita ce ko tana da sulke. Wasu rotifa jikinsu laushi ne kamar jaka, wasu kuma fatarsu ta yi tauri ta zama kwanso mai siffa tsayayya. Notholca na cikin masu sulke, kuma nan ne mai dubawa ke samun sa'a guda: idan irin wannan dabba ta ji fomalin, takan janye kanta cikin sulken, sai gefen gaba ya fito fili da dukkan ƙayoyinsa. Abin da ke lalata siffar masu laushin jiki, shi ne ke bayyana siffar masu sulke. Har ma fankon sulken da mai shi ta mutu ta bari ya fi nuna zane sarai fiye da mai rai, domin babu kayan ciki da ke dushe haske.

Tambaya ta biyu ita ce ƙafa. Brachionus, babbar 'yar uwarta a dangi ɗaya, tana da doguwar ƙafa mai lanƙwasa da ke fitowa ta wata kafa a bayan sulke, da 'yan yatsu biyu a ƙarshenta. Notholca ba ta da ƙafa sam. Sai dai a nan akwai tarko: Brachionus ma kan janye ƙafarta ciki idan ta firgita. Don haka ba rashin ganin ƙafar ake dogara da shi ba, ana neman ƙofar da take fitowa ne. Idan bayan sulken a rufe yake babu wannan ƙofa, an rage zaɓi zuwa 'yan jinsuna kaɗan.

Kunyoyi ko bayan kunkuru

Uku daga cikin waɗannan jinsuna ne ke yawan haɗuwa a ɗigo ɗaya na ruwan sanyi: Keratella, da Kellicottia, da Notholca. Kellicottia ba ta ba da wahala. Kellicottia longispina siririya ce kamar allura, da doguwar ƙaya ɗaya a baya, da ƙayoyin gaba marasa daidaito waɗanda ɗaya ta zarce sauran nesa. Wanda ya gan ta sau ɗaya ba ya sake mantawa.

Rikicin yana tsakanin sauran biyun ne, domin kowacce na da ƙayoyi shida a gefen gaba na sulken baya, kowacce ba ta da ƙafa, kuma girmansu na kusa da juna. Su kansu magabatan wannan fanni sun daɗe suna haɗa su a tukunya ɗaya. Otto Friedrich Müller na Danmak, wanda littafinsa ya fito a 1786, shekara biyu bayan rasuwarsa, shi ya fara bayyana squamula, kuma a cikin Brachionus ya sanya ta. Bayansa Christian Gottfried Ehrenberg na Jamus ya tara marasa ƙafa a ƙarƙashin suna Anuraea, ma'ana marasa wutsiya. Sai a 1886 Philip Henry Gosse na Ingila ya ware wasu daga cikinsu ya raɗa musu Notholca, daga kalmomin Girka biyu masu nufin baya da kunya, irin kunyar da garma ke bari a gona. Shekara ɗari cif aka yi kafin a ba ta gidanta.

Abin da Gosse ya gani shi ne har yau ake nema. Bayan Keratella a yayyanke yake gida-gida, kamar bayan kunkuru ko saƙar zuma. Bayan Notholca kuwa layuka ne miƙaƙƙu da suka taso daga gindin ƙayoyin gaba suka gangara zuwa baya, kamar gonar da aka yi wa huɗa aka hango ta daga kan tudu. Matsalar ita ce sulken garai yake kamar gilashi, layukan kuma ba su da launi. Wanda ya buɗe hasken madubi gaba ɗaya zai ga kwanso sumul ne kawai, ya rantse babu komai a kai. Sai an rage ƙofar haske, ko an karkatar da shi ya bugo ta gefe, sannan a ninki 400 a riƙa juya maɓallin daidaita gani sannu sannu daga saman sulke zuwa ƙasa, layukan ke fitowa su sake ɓacewa. Gwanintar wannan aiki kusan duka a yatsun da ke kan wannan maɓalli take.

Akwai wata alama mai taimakawa a samfuri mai rai. Keratella kan rataya ƙwanta a bayan jiki tana yawo da shi, babba ƙwarai idan aka gwada da girman uwar. Notholca galibi ba ta yin haka. Alama ce ta ƙarin haske kawai, domin Keratellar da ba ta ɗauke da ƙwai a ranar ba ta canja jinsi ba.

Idan jinsi ya tabbata, sai a koma ƙarshen baya don neman nau'i. Na squamula a zagaye yake, jikin gajere mai faɗi, shi ya sa aka kira ta da kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɓawon kifi. Na Notholca acuminata, wadda Ehrenberg ya bayyana a 1832, ya miƙe ya tsuke ya zama tsini, ita kanta ta fi tsawo, sau da yawa ta haura maikuromita 200. Notholca labis na tsakani, da ɗan gajeren tsawo mai dakusasshen baki a baya. Notholca foliacea kuma tana da tudu guda da ya ratsa tsakiyar bayanta. A nan ma'aunin da ke cikin gilashin ido yake shigowa: tsawon sulke, faɗinsa, tsawon ƙayoyin tsakiya da na gefe, da tsawon tsinin baya. Ba a auna ɗaya a tsaya. Ana auna goma ko ashirin.

Dalilin wannan nacin shi ne sulken rotifa ba ya riƙe siffa ɗaya duk shekara. Robert Lauterborn ya nuna tun 1900, daga ruwayen da ke gefen kogin Rhine a Jamus, cewa ƙayar bayan Keratella cochlearis doguwa ce a hunturu, tana raguwa yayin da ruwa ke ɗumi, har a samu waɗanda ba su da ita kwata-kwata a tsakiyar zafi. A 1966 John Gilbert a Amurka ya nuna cewa wani sinadari da Asplanchna, rotifa mai cin 'yan uwanta, ke saki a ruwa yana sa Brachionus calyciflorus ta haifi 'ya'ya masu dogayen ƙayoyi da ke hana a haɗiye su. Tsini, ke nan, shaida ne da ke iya canja magana gwargwadon wata da gwargwadon maƙwabta. Da yawa daga cikin sunayen da aka raɗa a ƙarni na 19 sun faɗi daga baya saboda an gano siffofi ne kawai na dabba guda.

Akasin haka ma na faruwa, kuma ya fi ban tsoro ga mai madubi. Keratella quadrata, mai ƙaya biyu a kusurwoyin baya, tana da takwara ta ruwan sanyi da aka daɗe ana kira da sunanta, har sai da Börje Carlin na Suwidin ya raba su a 1943 ya kira ta sanyin Keratella hiemalis, wato ta hunturu. Bambancin yana cikin tsarin gidajen da ke kan sulke, abin da gaggawa ba ta bari a gani. A zamanin nan binciken ƙwayoyin gado ya ƙara tona asiri: Brachionus plicatilis, wadda ake kiwo a duniya don ciyar da 'ya'yan kifi, an gano a wani babban nazari na 2017 cewa tarin nau'i 15 ne ke sanye da suna ɗaya. Madubi na da iyaka, kuma mai gaskiya a wannan aiki shi ne wanda ya tsaya a "Notholca" kawai idan layukan baya sun fito amma ƙarshen bayan ya ƙi yanke hukunci.

Ga masu laushin jiki, hukuncin na ƙarshe a muƙamuƙi yake. Ana ɗiga ruwan bilic a gefen murfin gilashi, naman ya narke cikin daƙiƙu, a bar ƙasusuwan baki guda bakwai da ba su wuce 'yan maikuromita goma-goma ba. Ta haka ake rarrabe nau'o'in Synchaeta da ke cika ruwan hunturu. Notholca ba kasafai take kai mutum ga wannan wahala ba. Nata muƙamuƙin na tauna ne da niƙa, irin na danginta duka, kuma a jikin mai rai ana hango shi yana buɗewa yana rufewa a ƙasan jan ɗigon idonta guda ɗaya.

Abin da sunan ke ɗauke da shi

Ana sa ido kan ruwan Loch Leven a kai a kai tun 1968, abin da ya sa kundinsa ya zama ɗaya daga cikin mafiya tsawo a Birtaniya. Darajar irin wannan kundi ita ce a iya gwada bana da shekaru hamsin baya. Wani nazari da aka wallafa a 2015 kan tafkuna 235 a sassan duniya ya gano cewa saman ruwansu a lokacin zafi na ƙara ɗumi da matsakaicin digiri 0.34 a kowace shekara goma tsakanin 1985 da 2009. A tafki mai zurfi, halittun sanyi na da mafaka, domin ruwan ƙasa kan riƙe sanyinsa duk shekara, kuma can ake samun irin su Keratella hiemalis a tsakiyar zafi. Loch Leven kuwa matsakaicin zurfinsa bai kai mita 4 cikakku ba, iska na gauraya shi daga sama har ƙasa. Idan ya yi ɗumi, duka ya yi. Dabbar da iyakarta digiri 10 ce, a irin wannan tafki, kalanda ce mai rai: makon da ta bayyana da makon da ta ɓace na nuna tsawon hunturun da ruwan ya gani. Amma kalandar ba ta karantuwa sai idan wanda ya ƙirga a 1975 da wanda ya ƙirga bana dabba ɗaya suke nufi da suna ɗaya.

Batun ya shafi Najeriya ta wata fuska dabam. Rotifa ba baƙi ba ne a ruwayen ƙasar. Jim Green ya wallafa nazarin rotifan kogin Sakkwato tun 1960, kuma a 1993 Hendrik Segers da abokan aikinsa suka ba da rahoton nau'i sama da 100 a kowanne daga tafkunan Oguta da Iyi-Efi a kudu maso gabas, adadin da ya sanya su cikin mafiya arzikin rotifa da aka sani. Sai dai jama'ar da ke waɗannan ruwaye daban ce da ta Sukotland. A yankuna masu zafi Brachionus ce ke sarauta, tare da irin su Keratella tropica da tarin nau'o'in Lecane. Notholca, da nau'o'inta wajen 40, 'yar arewacin duniya ce da kudancinta mai nisa da tsaunuka; tafkin Baikal na Saibiriya kaɗai na da wasu da ba a samun su ko'ina sai can. Hunturun Kano ko na Sakkwato na iya sa mutum ya nemi wuta da asuba, amma ruwan manyan madatsu kamar Tiga da Kainji ba ya kusantar digiri 10.

Manyan littattafan ganewa kuwa, har da na Walter Koste na 1978 da har yau ake ɗauka a matsayin ginshiƙi, an gina su ne bisa dabbobin Turai da farko. Irin wannan littafi tambaya yake yi mai amsa biyu, i ko a'a, ya tura mai karatu gaba har ya kai shi ga suna. Ba shi da hanyar cewa dabbar da ke gabanka ba ta cikina. Ɗalibin da ya ga kwanso marar ƙafa mai ƙayoyi shida, hasken madubinsa ya yi yawa bai ga gidajen bayan kunkuru ba, zai iya ɗaukar lanƙwasar sulken da fomalin ya motsa a matsayin kunyoyi, ya fito da Notholca daga ruwan da zafinsa ya kai digiri 28. Ba a cewa hakan ba zai taɓa yiwuwa ba, domin halitta takan ba da mamaki. Amma suna irin wannan a irin wannan ruwa yana buƙatar hoto, da awo, da samfurin da aka adana wanda wani zai iya sake dubawa. In ba haka ba, kuskuren ya shiga jerin sunaye, na gaba ya kwafa, na bayansa ya kafa hujja da su biyun.

A Loch Leven, ruwan kan haura digiri 10 a wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. A lokacin taurarin Asterionella sun fara raguwa, ƙudan ruwa sun taso suna tace abin da ya saura. Rotifa na wannan dangi mata ne zalla a mafi yawan rayuwarsu, uwa na haifar 'ya mai kama da ita ba tare da namiji ba. Sai idan yanayi ya fara juyawa ne wasu ke haifar maza, 'yan ƙanana da ba sa cin abinci kuma ba sa wuce 'yan kwanaki, kuma daga wannan haɗuwa ake samun ƙwai mai kaurin ɓawo da ke nutsewa cikin laka ya jira. Ta wannan hanya mafi yawan danginta ke tsallake watannin da ba su yi musu ba. Ragar da aka ja a watan Yuli a wuri ɗaya, zurfi ɗaya, za ta fito cike da Keratella cochlearis masu gajerun ƙayoyi da Polyarthra masu tsalle, kuma a gurbin Notholca squamula a takardar ƙirga galibi sifili ake rubutawa, tare da zafin ruwan ranar a gefensa.